Sa Hannun Yaya Kalo

Shafi na 17

Masu cewa Manase ya sa hannu a takardar karayar arziki kawai ya huta, na ga saƙonninku. Ku shigo ofishin tukuna ku ji abin da ya ji.

*

Bronwyn ta juyo da takardar ta fuskance shi, ta ɗora biro a kai.

"Wannan ce ta ƙarshe, Manase. In ka sa hannu, yau zan tura wa hukuma."

Bai taɓa biron ba. Rigar aikinsa mai ruwan lemo ce a jikinsa, daga sito ya taho kai tsaye, awa uku ya roƙa da sunan ciwon haƙori. Matarsa Sela na gefensa, ta rungume jaka a cinya kamar wani zai fizge.

Wata uku ke nan Bronwyn na fama da maganarsa, kuma kyauta, don aikinta ke nan, shiga tsakanin masu bin bashi da waɗanda bashi ya sha wa kai. Ta roƙi kamfanoni shida sassauci. Biyu sun yarda, huɗu sun ce ba su san zancen ba. Dala dubu sittin da takwas, a wuyan mutumin da ke tuƙa motar ɗaga kaya.

"Sake faɗa min," ya ce. "A hankali. Kamar ɗan firamare kike wa bayani."

"Karayar shekara uku da kwana ɗaya take ɗauka."

"Kwana ɗayan na mene ne?"

"Ni ma ban sani ba. Wataƙila na yin biki ne."

Babu wanda ya yi dariya. Ta gyara tabarau ta ci gaba.

"Kayan gidanka naka ne. Motarka ma ba ta kai kuɗin da za su ɗauka ba."

"Wannan ko kyauta aka ba su sai sun nemi ciko," in ji Sela.

"Ba za ka bar ƙasar ba sai da izini a rubuce."

"Har gida Tonga?"

"Har ko'ina. Sunanka kuma zai shiga rajista, ba ya fita. Amma kiran waya zai tsaya, wasiƙu za su tsaya. Umarnin da kotu ta bayar na fara yankar albashinka ranar Alhamis mai zuwa, shi ma zai tsaya."

Sela ta sauke numfashi mai ƙarfi. Sati uku ake bin su kuɗin haya, dillalin gidan ya riga ya manna musu takarda a ƙofa. In aka taɓa albashin nan, su da yara uku sai kwanan mota.

"To ka sa mana, Manase. Me kake jira?"

"Dakata," Bronwyn ta ɗaga hannu. "Saura abu ɗaya, kuma ba zan bar ka ka sa hannu ba ka ji shi ba. Jiya kamfanin da ka ci babban bashin suka turo min kwafin yarjejeniyarku. Wace ce Kalolaine Vaipulu?"

Ya ɗago kai.

"Yayata ce."

"Ta tsaya maka."

"Shaida ce kawai. Mutumin kamfanin ya ce min sai an samu wani ya sa hannu a ƙasa."

"Ba shaida ba ce. Lamuni ta yi maka. Ka karanta nan." Ta ɗora yatsa a kan layin. "In ka karye, kai ka fita. Ita za su bi. Dubu talatin da huɗu, ko sisi ba za su rage mata ba."

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Tana da gida?"

"Tana kan biya," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba. "Mahaifiyarmu na ciki."

Bronwyn ta ɗauke biron daga kan takardar a hankali ta mayar cikin kofi.

"Ban ce lallai za su taɓa gidan ba. Amma in ba ta da kuɗin, can za su nufa. Ta zo ta ga ɗaya daga cikinmu, a duba yadda aka yi ta sa hannun. Kafin nan, ka kira ta ku zauna ku yi magana."

Sela ta saki wata 'yar dariya marar daɗi.

"Su zauna."

"Faɗa suke yi?"

"Ina fa. Baiwar Allah, shekara goma sha huɗu da aurenmu, ban taɓa ganinsu a kujera ɗaya ba. Girmamawa ce. In ta shigo falo shi zai fita."

"To ta yaya ta sa hannu?"

Mata da miji suka kalli juna.

Bronwyn ta ninke takardar karayar ta saka a ambulan ta miƙa masa.

"Kana da zuwa Laraba da rana. Bayan nan ba ni da ikon tsayar da komai."

*

Suna shiga mota, ko bel bai ɗaura ba ya fara.

"Me kika ce wa Yaya ranar?"

"Me ka ce min in ce mata?"

"Tambayarki nake yi, Sela."

"Ni ma tambayarka nake yi. Ka miƙo min takarda a waje, gawar Baba na kwance a falo, mata ɗari na rera waƙa. Ka ce, kai wa Yaya ta sa hannu, ta jirgi ce. Na kai. Ta sa, hawaye na ɗiga a kai. Yau kuma ni ce mai laifi?"

Ya kifa goshi a kan sitiyari.

Haka aka yi. Ranar da mahaifinsu ya rasu, bara, Yaya Kalo ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta ce, "A gida Tonga, a Vava'u, Baba zai kwanta, kusa da ubansa." Shi kuma ya ce, "To." Bai ce kuɗin jirgin gawa nawa ne ba. Bai ce tikitin mutum goma sha ɗaya nawa ne ba, balle shanu da aladu da ciyar da gari kwana goma. Namiji ba ya ce wa 'yar'uwarsa babu. Ya fita ne kawai ya nemo.

"Yau za ka faɗa mata," in ji Sela.

"Da wane bakin?"

"Da wanda ka ce to da shi."

"Ki bari zuwa Lahadi. Bayan coci sai in samu Fasto ya…"

"Ya sanar a lasifika? Ka tuƙa mu Woodridge gidan Yaya, Manase. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa."

"Ke? Ki yi wa yayar mijinki maganar bashi? Kin san matsayinki a gidan can?"

"Na sani mana. Mai wanke tukwane. To mai wanke tukwanen ce za ta kwana a mota da 'ya'yanka."

Sai da ya murɗa makulli sau uku motar ta tashi.

*

A gareji ya tsaya, kamar kullum. Ya cire takalman aiki ya zauna a kan tabarma kusa da babban firjin nama, ya tanƙwashe ƙafa. Kujerun coci na jibge a kusurwa tun na zaman makoki, har yau ba a mayar ba. Sela ta shiga ciki ta yi sallama.

Yaya Kalo ta fito cikin baƙaƙen kayan makoki, katin aikinta na gidan kula da tsofaffi na rataye a wuya. Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofar kicin, tsakaninsu taku biyar.

"Yau wace rana? Ɗan Mama da tsakar rana. An kore ka ne?"

"A'a, Yaya. Izini na ɗauka."

"Ka rame. Sela, ba kya ba shi abinci ne? Zubo masa gwazar nan da naman rago, yana tukunya. A hankali da murfi, yanzu Mama ta dawo daga wankin ƙoda, ta samu barci."

Aka ajiye masa faranti. Ƙamshin ganyen gwaza da madarar kwakwa ya cika garejin. Ya kasa kai hannu.

"Gara da ka zo," ta ce. "Da ma zan aika a kira ka. Misinale saura sati uku."

Misinale. Ranar da kowane gida ke kai gudummawar shekara coci, a kira sunan gida a faɗi adadin a gaban jama'a.

"Wannan ce ta farko babu Baba. Sunansa za a kira. Bara gidan su Fusitu'a dubu takwas suka kai, matar nan har yau kafaɗarta ba ta sauko ba. Mu dubu goma za mu kai. Biyar naka, biyar nawa."

Ya kalli tabarma. Ya ji kalmar nan ta taso masa har maƙogwaro da kanta, ta saba hanya. To.

Sela ta yi gyaran murya.

"Yaya," ya ce.

"Ina ji."

"Yaya… babu."

Ta karkata kai kamar ba ta ji da kyau ba.

"Babu me?"

"Babu kuɗin."

"Ai ban ce yau ba. Sati uku na ce."

"Ko shekara uku ce, Yaya."

Tunda aka haife shi bai taɓa mayar mata da magana biyu a jere ba. Shi kansa sai da ya ji kunyar muryarsa. Ya zaro ambulan ɗin daga aljihu, bai miƙa mata hannu da hannu ba, ya ba Sela, Sela ta kai.

Yaya Kalo ta buɗe. Ta karanta shafin farko, leɓenta na motsi. Ta ɗago.

"Karayar arziki."

"E."

"Ɗan Viliami Vaipulu, mai wa'azi shekara talatin. Ka je ka rubuta wa gwamnati cewa kai matsiyaci ne, su buga maka hatimi."

"Ban sa hannu ba tukuna."

"Nawa ne?"

Ya faɗa. Ta rufe ido.

"Me ka ci? Caca kake yi? In injinan cacar kulob ɗin nan ne ka faɗa min yanzu."

"Ko giya ba ya sha," in ji Sela.

"Da ƙanena nake magana."

"Ƙanen naki ba zai faɗa ba, ko za a yanka shi. Jana'iza ya ci, Yaya. Akwatin gawa da jirgi ya ci. Misinalen bara ya ci, da bikin 'yar Fasto, da rufin cocin ƙauye. Duk abin da kika ce, to. Duk abin da aka aiko daga gida, to. Mu kuma taliyar leda muke ci sati biyu ke nan."

"Sela," ya ce a hankali.

"Bar ni. Kuma ba wannan ya kawo mu ba. Takardar da na kawo miki ranar makoki, kin tuna? Na ce ta jirgi ce."

Yaya Kalo ba ta motsa ba.

"Ba ta jirgi ba ce. Ta bashi ce, kuma ke kika tsaya masa. In ya sa hannu a wannan, ke za su bi. Dubu talatin da huɗu. In ba ki da su, gidan nan za su nufa."

Manase ya sunkuyar da kai yana jira. Ya jira zagi, ya jira kuka, ya jira ta ce ya tashi ya bar mata gida. Firjin ya yi ƙara ya tsaya.

"Na sani," ta ce.

Ya ɗago.

"Na iya karatu, Sela. Kuka nake yi, ba makancewa na yi ba. Na ga sunan kamfanin, na ga adadin."

"Kin gani kika sa hannu?"

"Me zan yi? In dawo da ita in ce wa ƙanena na gano ba shi da kuɗin binne ubansa? A gaban dangi? Na ce a raina Manase ne, ba ya faɗuwa. Zai biya, ni kuma in yi kamar ban gani ba."

"Ni kuma na ce Yaya na da gida, tana da miji mai aiki," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ko me ya faru ba za ta girgiza ba."

Ta yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo.

"Miji mai aiki."

"Heneli ba ya Mildura wajen tsinkar inabi?"

"Yana Mildura. An gama tsinkar inabi tun watan huɗu. Ka taɓa ganin inabin da ake tsinka wata bakwai?"

Sela ta saki jakarta.

"Yana can da wata mace. Wata biyar ko dala bai turo ba. Ni kaɗai nake biyan banki, ina juya tsofaffi a kan gado awa goma sha biyu, in dawo in juya tawa tsohuwar. Wata biyu ban biya ba. Wasiƙarsu ta biyu na ƙarƙashin katifata."

"Kika ce dubu biyar naki, Yaya?"

"Da ma katin bashi zan goga."

"Don matar Fusitu'a ta ji?"

"Don Mama ta ji." Muryarta ta karye a nan. "Tun watan jiya take tambaya ta nawa za a kira. Ta ce in dai ta ji an kira sunan mijinta da daraja sau ɗaya, ko gobe Allah Ya ɗauke ta."

Can kan titi motar kwasar shara ta wuce.

Manase ya dubi yayarsa, karo na farko da ya kalli fuskarta sosai tun suna yara. Furfura ta cinye gefen kanta. Yaushe? Shekara guda suna gaisawa daga taku biyar, kowa na nitsewa a nasa ruwan, kowa na zaton ɗan'uwansa a kan tudu yake.

"Ki faɗa min yadda zan yi," ya ce. "In na sa, ke da Mama. In ban sa ba, Alhamis za su fara yanka, ƙarshen wata mu a titi. Na yi lissafin nan a sito har na kusa ɗora wa wani kaya a ƙafa. Ba ya fita, Yaya. Ta kowace hanya na bi ba ya fita."

"Ku dawo nan. Ga gareji."

"Mu biyar a gareji?" in ji Sela. "A gidan da shi ma banki ke wa sallama?"

"To in sayar da tabarmin al'ada da muka gada."

"Wa zai saya? Duk wanda kika kai wa a yankin nan na Logan shi ma neman mai saye yake."

Yaya Kalo ta miƙe. Manase ya zaci ciki za ta shiga. Sai ta ture kujerar gefe, ta tako taku biyar ɗin nan da ba a taɓa takowa ba, ta durƙusa, ta zauna a kan siminti a gabansa. Ko tabarmar ba ta hau ba.

Ya zabura zai tashi, ƙafarsa ta ture farantin.

"Yaya, don Allah. Ki tashi. Wannan ba kyau. Ki tashi ki ba ni umarni kamar yadda kika saba."

"Umarnin ne ya kawo mu nan. Roƙonka nake yi." Ta ajiye ambulan ɗin a tsakaninsu. "Likita ya ce ƙodar ba za ta wuce shekara ba, in ta yi tsawo biyu. Ka bar ta ta fita daga gidan nan a kafaɗar maza, kada ta fita da akwati a hannu. Ranar da aka binne ta ka sa hannu. Ni da kaina zan riƙe maka takardar."

"Shekara biyu," in ji Sela. "Da albashin da aka yanke."

"Na san abin da nake roƙo."

"Ba ki sani ba, ba ke ce za ki kalli yara ba." Sela ta tsugunna ta ɗauki jakarta, ta zuge ta, ta zaro wata takarda a ninke. "Manase, ban so ka gani a haka ba. Ƙanwata ta saya mana tikiti. Zuwa birnin Auckland, ranar Asabar ta sama, ni da yara. In ka sa hannu kafin Laraba, zan yaga shi a gabanka. In ba ka sa ba, ba fushi na yi ba, wallahi ba fushi ba ne. Ba zan iya ba ne kawai."

"Yaushe kika…"

"Ranar da aka manna takarda a ƙofa."

Ya kalli matarsa. Ya kalli yayarsa a ƙasa. Ƙaton mutum, mai ɗaga buhu biyu a kafaɗa ɗaya, sai ga shi yana murza gefen tabarma da yatsa kamar yaro.

"Ku faɗa min," ya ce. "Ɗaya daga cikinku ta faɗa min wadda zan kashe."

Ƙwas.

Ƙwas.

Ƙarar ƙarfen dogarawa a kan tayil ɗin kicin.

Yaya Kalo ta kai hannu za ta ja ambulan ɗin ƙarƙashin zaninta. Ta makara.

Mama na tsaye a bakin ƙofa, rigar barci a jikinta, filasta a hannun da aka yi wankin ƙoda. Ba ta kalli Sela ba, ba ta kalli abincin da ya zube ba. Idonta na kan 'yarta.

"Wa ya zaunar min da Kalolaine a ƙasa, a gaban ƙanenta?"

"Mama, ƙafata ce ta…"

"Wa ya mutu?"

"Babu kowa, Mama."

"To in ba mutuwa ba, me ya kai ki nan?"

Tsohuwar ta saki ƙarfen da hannu ɗaya, ta miƙo tafinta.

"Ba ni takardar."

"Ta wurin aiki ce," in ji Sela da sauri.

"Ban tambaye ki ba, 'yata. Ba ni."

Yaya Kalo ta miƙa. Mama ta zaro takardun, ta juya su, ta kawo kusa da ido, ta nisantar. Shekara ashirin da shida a ƙasar nan, Turancinta bai wuce gaisuwa da sunayen magunguna ba. Amma ta san hatimin gwamnati in ta gan shi.

Ta jawo kujerar da aka ture, ta zauna da ƙyar, ta miƙa wa ɗanta takardun.

"Manase."

"Na'am, Mama."

"Karanta min. Da harshenmu. Kada ka tsallake ko layi ɗaya."